Sloppy joe

Sloppy joe abinci ne na Amurka da ake yi da niƙaƙƙen naman sa. Ana soya naman da albasa, a dafa shi cikin miyar tumatir mai kauri mai ɗan zaƙi da ɗan tsami, sannan a zuba a tsakiyar ƙaramin burodi mai laushi irin na hambaga. Abin da ya raba shi da hambaga shi ne ba a cura naman wuri guda. A warwatse yake cikin miya, don haka da an gatsa sai ya zubo ta gefe ya ɓata hannu da baki, kuma sunansa ma wannan halin yake nuni da shi. Abincin gida ne na ranakun aiki: kasko ɗaya, ƙasa da minti 40, kuma nama da bai kai rabin kilo ba yana ciyar da mutum huɗu zuwa shida.

Asali

Tun a shekarun 1920 ake sayar da burodi da soyayyen niƙaƙƙen nama a warwatse a jihar Iowa, ba tare da miyar tumatir ba. A 1926 wani mahauci mai suna Fred Angell ya buɗe shagon Maid-Rite a garin Muscatine yana sayar da irin wannan, kuma birnin Sioux City ma ya yi suna da nasa. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wani kuku mai suna Joe a Sioux City ne ya ƙara wa naman miyar tumatir a wajajen 1930. Wasu kuma suna danganta sunan da mashayar Sloppy Joe's ta birnin Havana a ƙasar Kuba, wadda José Abeal ya mallaka, Amurkawa suka riƙa tururuwa zuwa cikinta a shekarun da aka haramta sayar da giya a ƙasarsu, daga 1920 zuwa 1933. Akwai wata mashayar mai wannan suna a Key West ta jihar Florida.

Abubuwa biyu suka ƙara shigar da shi gidajen talakawa da masu matsakaicin ƙarfi. Na farko ɗakunan cin abinci na makarantu: bayan dokar ciyar da ɗalibai ta 1946, masu girki sun same shi da sauƙin dafawa a manyan tukwane da sauƙin rabawa da ludayi. Na biyu miyar gwangwani ta Manwich da kamfanin Hunt's ya fito da ita a 1969, wadda ta rage aikin zuwa soya nama da juye gwangwani. A wasu yankunan ana kiransa da wasu sunaye, kamar wimpy a arewa maso gabashin Pennsylvania. A arewacin jihar New Jersey kuwa, in aka ce sloppy joe wani abu ne dabam: burodi hawa uku da yankakken nama mai sanyi, cuku da kwaɗon kabeji, babu miyar tumatir mai zafi ko kaɗan.

Kayan haɗi

Ma'aunin da aka fi bi a gidajen Amurka ya ginu ne a kan laba ɗaya na nama, wato giram 454. Ga wannan adadin ana buƙatar albasa matsakaiciya guda ɗaya, rabin koren tattasai, tafarnuwa ƙwaya biyu, kecof (miyar tumatir ta kwalba mai zaƙi da tsami) kimanin mililita 180, tumatirin gwangwani mai kauri babban cokali ɗaya, jan sukari babban cokali ɗaya, miyar Worcestershire babban cokali ɗaya, mustad (ɗorawar miya mai kauri da ɗan yaji) ƙaramin cokali ɗaya, ruwan khal ƙaramin cokali biyu, ruwa mililita 120, gishiri rabin ƙaramin cokali da masoro kaɗan. Babban cokali a nan mililita 15 ne, ƙarami mililita 5. Burodi guda huɗu zuwa shida, gwargwadon girmansu.

Kitsen nama yana da muhimmanci. A Amurka ana rubuta shi a jikin leda: 80/20 na nufin kashi 80 tsoka, kashi 20 kitse. Wanda ya fi dacewa shi ne mai kitse kashi 15 zuwa 20. Mai kashi 10 ko ƙasa da haka yana bushewa ya yi tauri, sai an ƙara masa mai. Wanda ya haura 20 kuma maiƙo yake yi da yawa. Inda mahauci ne zai niƙa, gara a haɗa tsoka da ɗan kitse a niƙa sau ɗaya da manyan ramukan inji, domin naman da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai yakan dame cikin miya.

Kecof shi ne ƙashin bayan miyar, kuma ya riga ya zo da sukari da khal da gishiri a cikinsa. Wanda zai yi amfani da markaɗaɗɗen tumatir a madadinsa sai ya ninka sukari da khal, ya kuma ƙara lokacin dahuwa. Ita Worcestershire baƙar miya ce mai ruwa-ruwa da kamfanin Lea & Perrins na birnin Worcester a Ingila ya fara sayarwa a 1837; a cikinta akwai khal, ruwan rake mai kauri, ƙananan kifi da aka jiƙa a gishiri, albasa, tafarnuwa da tsamiya. Inda babu ita, ƙaramin cokali biyu na jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri da rabin dunƙulen magi suna kusantar ɗanɗanonta, amma a rage gishiri.

Yadda ake dafawa

Nan ne aikin yake, kuma galibin sloppy joe marar daɗi tun a minti goman farko yake lalacewa. Ana ɗora kasko mai faɗi, kamar santimita 30, a wuta mai ƙarfi har ya yi zafi sosai, a zuba mai ƙaramin cokali biyu. A baza naman ya rufe ƙasan kaskon, sannan a ƙyale shi minti uku zuwa huɗu ba a taɓa ba. Abin da ake nema shi ne ƙasan ya yi launin ƙasa-ƙasa mai duhu, gefuna su ɗan ƙanƙame. Wannan launin ba ya samuwa sai zafin saman naman ya kai wajen digiri 140 na ma'aunin Selsiyos, kuma muddin akwai ruwa kwance a kasko zafin ba zai wuce digiri 100 ba. Shi ya sa in an cika ƙaramin kasko da nama, ko aka yi ta juyawa tun daga farko, sai ruwansa ya fito ya dahu a ciki, ya zama fari-fari kamar toka, ba ƙamshi. Ana gane bambancin da kunne: ƙarar suya a tsaye take, ƙarar tafasa kuwa ɓul-ɓul ce. In naman ya kai kilo ɗaya, a soya shi kashi biyu.

Bayan ƙasan ya soyu sai a juya, a farfasa shi da cokalin katako har ya zama ƙanana kamar ƙwayar wake. Manyan dunƙule su ne ke gangarowa daga burodi. Sai a karkata kaskon a kwashe maiƙo da cokali, a bar kimanin babban cokali ɗaya. Kada a kwashe duka, don a cikinsa albasa za ta soyu, kuma kada a wanke naman da ruwa kamar yadda wasu ke yi, ɗanɗanon ne ake zubarwa.

A rage wuta zuwa matsakaiciya, a zuba albasa da tattasai da aka yanka ƙanana sosai, a yi ta juyawa minti biyar har albasar ta yi laushi tana ɗaukar ido. Dole su yi laushi a wannan matakin, domin tsamin tumatir yana hana kayan lambu saurin nuna. Albasar da ta shiga miya ɗanya za ta ci gaba da garas-garas ko an daɗe ana dafawa. Tafarnuwa rabin minti kawai take buƙata, in ta ƙone ɗaci take yi. Daga nan a buɗe fili a tsakiyar kaskon a soya tumatirin gwangwani minti ɗaya har jansa ya yi duhu, wanda ke kashe ɗanyen tsaminsa.

Sauran kayan miyar da ruwa su shiga tare. A kankare ƙasan kaskon da cokali, domin abin da ya manne a nan shi ne mafi daɗin girkin. Da ta tafasa a mayar da wuta ƙasa, a bar ta tana ɓararraka a hankali ba murfi, minti 15 zuwa 20, ana juyawa lokaci-lokaci. Gwajin kauri shi ne a ja cokali ta tsakiyar kaskon: in ƙasan ya bayyana na daƙiƙa biyu ko uku kafin miyar ta rufe shi, ta yi. In an tara cokali ɗaya a faranti ya kamata ya tsaya tsibi, ba ruwa na malalowa a kewayensa. A sauke a bar ta minti biyar, tana ƙara kauri in ta ɗan huce.

Ɗanɗanawa a ƙarshe ake yi, ba a farko ba, saboda ruwa na ƙonewa gishiri da sukari suna ƙara fitowa. In zaƙi ya yi yawa a ɗiga khal ko mustad. In tsami ya yi kaifi a ƙara sukari kaɗan. In ta yi lami ko da komai ya shiga, yawanci gishiri ne ya gaza. Girkin Amurka na asali ba shi da yaji sosai, amma barkono ko attarugu ba ya ɓata shi.

Burodi shi ma yana da nasa aikin. A raba shi biyu, a shafa ɗan man shanu a cikin, a kifa a kasko mai zafi minti ɗaya zuwa biyu har ya yi ja. Wannan ɓawon ne ke tare miya. Burodin da ba a gasa ba yakan jiƙe ya yage kafin a kai rabi. Kowane guda ya samu kimanin mililita 80 zuwa 120 na nama, kuma a zuba daf da ci. A Amurka ana yawan ɗora cuku ko yankakken kokwamba mai tsami, a ci da soyayyen dankali ko kwaɗon kabeji.

Matsalar da ta rage ita ce kamu. Miyar tana da sukari da yawa, don haka in wuta ta yi ƙarfi sai ta ƙone a ƙasa. In hakan ya faru a juye na saman a wata tukunya ba tare da kankara ba. In kuma ta bushe kafin lokaci, ruwa babban cokali biyu ko uku ya isa.

Rage kuɗi da sauye-sauye

Araharsa daga miya take. Tun da naman a warwatse yake, ana iya maye gurbin kashi ɗaya cikin uku da wani abu ba tare da ya fito fili ba: gogaggen karas, yankakken naman kaza (wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci), ko dafaffen wake da aka ɗan murƙushe. Karas na ƙara zaƙi, sai a rage sukari. Naman kaza na fitar da ruwa, don haka a soya shi tare da albasa har ya tsane. Ana kuma yin sloppy joe da niƙaƙƙen naman talotalo ko na kaji, amma su ba su da kitse sosai, suna buƙatar ƙarin mai. Wasu gidajen cin abinci a Amurka suna haɗawa da naman alade, abin da mai kiyaye halal zai tambaya kafin ya saya.

Tsafta da ajiya

Niƙa nama na kai ƙwayoyin cuta da ke samansa, irin su E. coli, har cikin tsakiyarsa. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta ƙayyade digiri 71 ga niƙaƙƙen naman sa, digiri 74 ga na kaza da talotalo. Jan miya na ɓoye launin nama, saboda haka a tabbatar babu sauran ja a jikinsa kafin tumatir ya shiga.

Kada dafaffen naman ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya in zafin gari ya haura digiri 32. A firji yana kwana uku zuwa huɗu a rufaffen mazubi, a firiza kuma kimanin wata uku. In an dafa da yawa a rarraba shi a mazubai marasa zurfi, don babbar tukunya na daɗewa tsakiyarta ba ta huce ba. Naman da burodin kowanne a ajiye shi dabam. Wajen ɗumame a ƙara ruwa babban cokali biyu, a ɗora a ƙaramar wuta ana juyawa har ko'ina ya tafasa. Abin da ya rage ana zuba shi a kan shinkafa, taliya ko gasasshen dankali.