Arid Animal Pack na gem ɗin Planet Zoo: dabbobinsa da kalolin jikinsu

Arid Animal Pack wani ƙari ne da ake saya daban a ɗora kan gem ɗin Planet Zoo, wato wasan kwamfutar nan da mutum ke gina gidan zu da kansa, ya zuba dabbobi, ya ɗauki ma'aikata, ya riƙa lura da cinsu da shansu da lafiyarsu har su hayayyafa. Kamfanin Frontier Developments da ke Kambirij a Ingila ne ya yi gem ɗin, ya fito ranar 5 ga Nuwamba 2019, shi kuma wannan ƙarin ya fito ranar 20 ga Yuni 2023. Ba ya aiki shi kaɗai, sai kana da uwar gem ɗin tukuna. Dabbobi 8 ne a ciki kuma dukkansu na ƙasar fari da ƙarancin ruwa ne: raƙumi mai tozo ɗaya, da adaks (wata dabba dangin barewa), da barewar dama, da jakin jeji na Somaliya, da baƙar karkanda, da kyanwar rairayi, da beguwa, sai maciji mai ƙaho na hamada wanda shi a akwatin gilashi ake ajiye shi ba a fili ba.

Yadda kala take aiki a gem ɗin

Kowace dabba a Planet Zoo tana da abin da ta gada daga iyaye, girman jiki da tsawon rai da yawan haihuwa da ƙarfin garkuwar jiki, duk gem ɗin yana nuna maka su kafin ka saya. In ka bar uba yana barbarar 'yarsa ko wa da ƙanwa suna haihuwa to 'ya'yan za su riƙa fitowa da rauni, haihuwa ta ragu, ciwo ya yi yawa a garken. Kala ma gadonta ake yi. Da farkon fitowar gem ɗin abin da aka fi gani na bambanci shi ne zabiya, daga baya a 2020 aka kawo gyaran da ya sa dabbobi iri ɗaya suka daina zama kamar an buga su da hatimi ɗaya, wannan ya ɗan fi duhu wancan ya ɗan fi haske, ɗa kuma ya ɗauko wani abu daga uwa wani daga uba.

Bayan wannan ɗan bambancin na yau da kullum akwai kalolin da ba kasafai ake samu ba, kuma duk daga ilimin halitta na gaske aka ɗauko su. Sinadarin melanin ne ke ba fata da gashi da ido kala, iri biyu ne, ɗaya na baƙi da ruwan ƙasa ɗaya na ja da rawaya. In jiki bai iya yin shi ba sam sai dabba ta fito zabiya, fara fat da ido mai ja-ja. In kuma gashin ne kawai ya rasa kala amma ido yana nan da duhunsa ko shuɗi, wannan ba zabiya ba ce ko da yake mutane da yawa suna haɗa su. In baƙin ya yi yawa sai a samu irin baƙar damisar nan da har yanzu in rana ta haska ta za ka ga dabbare-dabbarenta a ƙarƙashin baƙin. Akwai wanda jan ke rinjaya, akwai kuma mai patsi-patsi, fari nan kala can, irin dokin da ake ce wa danda. Zabiyanci ɓoyayyen gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi sannan yake iya bayyana a ɗa, shi ya sa za ka ga iyaye biyu masu kala ta daidai sun haifi fari tas.

Dabbobin da kalolinsu na asali

Adaks ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Dabba ce dangin barewa amma mai kauri, ƙahonta a murɗe, kofatonta mai faɗi yadda ba ta nutsewa a yashi, ga wani farin zane da ya gitta a fuskarta da tulin gashi mai duhu a goshi. A daji kalarta ba ta tsayawa wuri ɗaya, lokacin sanyi gashin ya yi tsawo ya koma toka-toka da ruwan ƙasa, in zafi ya shigo sai ta koma kusan fara don jikin ya rage shan rana. Tana iya daɗewa ƙwarai ba ta sha ruwa ba, daga ciyawar da take ci da raɓa take samun abin da ya ishe ta. Waɗanda suka rage a daji na asali ba su kai 100 ba a ƙiyasin masana, kuma a Nijar suke, yankin Termit da Tin Tumma da aka mayar gandun kariya a 2012. Wani bincike da aka yi a can a 2016 guda 3 kacal ya gano, wallahi abin akwai ban tausayi, dabbar da a da take yawo garke-garke daga wannan gefen Sahara zuwa wancan. Yanzu daga waɗanda aka kiwata a tsare ake ɗiba ana sake sakinsu a Cadi, a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim.

Barewar dama ita ce mafi girma a duk barewa, dogon wuya dogayen ƙafafu, kuma ita ce Mena ɗin da ƙungiyar ƙwallon ƙafar Nijar ta ci sunanta. Ita kalarta ƙasa take bi. Na yamma wajen Maroko jan ya rufe kusan duk bayansu har ya gangaro cinya, in kana matsowa gabas wajen Cadi da Sudan sai farin ya riƙa cinye jan har ya zamana wuya da kafaɗa kawai suka rage ja, amma dukkansu akwai ɗan farin tabo a maƙogwaro. Ita ma tana dab da ƙarewa a daji, 'yan tsirarun garkuna ne a Cadi da Nijar.

Raƙumi kam ba sai an gabatar da shi ba. Shi ne kaɗai na gida a cikin takwas ɗin, kuma dabbar gida kullum ta fi ta daji yawan kala saboda mutane ne ke zaɓar wanda zai yi barbara, ba yanayin daji ba. Akwai fari, akwai ja, akwai mai ruwan ƙasa, akwai mai duhu kusan baƙi, har da mai patsi-patsi da shuɗin ido da ake gani wajen Buzaye. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar raƙuma a Agadas ko Maigatari ya san taguwa biyu da wuya su zo kala ɗaya sak.

Baƙar karkanda ba baƙa ba ce, toka-toka ce, kuma yawanci kalar taɓon da ta yi birgima a ciki ce kake gani a jikinta, in jar ƙasa ce ta fito ja. Abin da ke raba ta da farar karkanda leɓe ne, nata na sama mai tsini ne da take kamo ganye da reshe da shi, na waccan kuwa mai faɗi ne na kiwon ciyawa. Irinta na yammacin Afirka, wanda arewacin Kamaru ne wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011.

Jakin jeji na Somaliya jikinsa toka mai haske, cikinsa fari, amma ƙafafunsa na da zane-zanen baƙi a kwance kamar na jakin dawa mai ratsi, kuma jinsinsa ne asalin jakin gida. A Eritiriya da Habasha aka fi samun ragowarsu. Kyanwar rairayi 'yar ƙarama ce mai faɗin kai, kalar yashi, da ratsin baƙi a ƙafafun gaba, tafin ƙafarta gashi ya lulluɓe shi don kar yashi mai zafi ya ƙona ta, sawunta ma da kyar ake gani. Beguwa ƙayoyinta ratsin fari da baƙi ne, kuma ba harba su take yi ba kamar yadda ake faɗa, miƙar da su take yi ta kaɗa na wutsiya su yi ƙara, in abokin gaba bai ja da baya ba sai ta taho masa da baya-baya. Macijin kuma kalar yashin inda yake zaune yake ɗauka, rawaya ko ja-ja ko toka, yana nutsewa a rairayi ya bar ido kawai a waje, kuma ba kowanne ke da ƙahon ba, a 'ya'yan uwa ɗaya ma sai a samu mai shi da marar shi.

Kasuwar kala da abin da ke bayanta

A ɓangaren gem ɗin da ake kira Franchise, inda ake haɗuwa ta intanet, 'yan wasa suna sayar wa juna dabbobi da wasu maki na kare namun daji, waɗanda ɗaya daga cikin hanyoyin samunsu ita ce ka saki dabbar da ka kiwata ta koma daji. A wannan kasuwar dabba mai baƙuwar kala ta fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu ba abin da suke yi sai kiwon zabiya, su haɗa mai ɗauke da gadon da mai ɗauke da shi, su riƙa sayo sabon jini daga waje don kar garken ya lalace.

A gidajen zu na gaske kuwa an riga an ga inda wannan hanyar take kaiwa. Farar damisar Bengal da ake ta ɗauka a hoto, mafi yawansu asalinsu yana komawa ga wani namiji guda mai suna Mohan da aka kama a Rewa ta Indiya a 1951, kuma sai da aka haɗa shi da 'yarsa sannan aka samu fararen 'ya'ya, daga nan aka yi ta haɗa dangi da dangi har aka riƙa haifar masu harararren ido da karkataccen baya. A 2011 ƙungiyar gidajen zu ta Amurka ta fito ta hana mambobinta kiwon dabba don baƙuwar kala kawai. A ganina nan ne wannan ƙarin ya fi sauran amfani, don dabbobinsa kusan duk kalar ƙasa ne, toka da yashi da ja-ja, babu mai ɗaukar ido sosai in ka cire beguwa, amma wannan kalar ce rayuwarsu. Kyanwar rairayi in ta fito fara fat ba ta da wurin ɓuya daga mujiya da dila, kuma zabiya ga matsalar ido ga ƙunar rana a inda babu inuwa. Masu kiwon adaks da barewar dama don mayar da su Cadi abin da suke bi shi ne littafin asali, wa ya haifi wa, su nisanta dangi da dangi, kuma gem ɗin ma yana nuna maka iyayen kowace dabba da 'ya'yanta in ka danna ta, don haka mai son ya yi wasan yadda ake aikin a zahiri yana da kayan aikin a gabansa.