Koyar da Shuɗaɗɗen Lokaci na Turanci ta Hanyar Shahararrun Gine-ginen Duniya

Wannan wata dabara ce ta malaman Turanci, inda ake ɗauko labarin wani gini da ya yi suna a duniya, kamar dalar Giza ta Masar ko Hasumiyar Eiffel ta Faransa, a sa ɗalibi ya faɗi wanda ya gina shi, da shekarar da aka gama, da dalilin ginawa. Waɗannan tambayoyi ba sa amsuwa sai da aikatau na abin da ya riga ya wuce, don haka yaro yana ta maimaita siga ɗaya ba tare da ya ji ana ɗura masa nahawu ba. Darasin ya fi dacewa da 'yan ƙarshen firamare da 'yan ƙaramar sakandare.

Matsayin darasin

Tsarin ilimi na ƙasa da Najeriya ta fitar a 1977 ya tanadi, a wancan lokacin, a soma koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, daga baya Turanci ya karɓi ragama. A ƙauyukan Kano da Jigawa, yaron Bebeji ko Gwaram ba kasafai yake jin Turanci ba sai a aji. Gida Hausa, kasuwa Hausa, rediyo Hausa, a ruga kuma Fulatanci. Amma jarrabawar WAEC da NECO ba sa ɗaga ƙafa, kuma sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a jami'a. Insha'in ba da labari kuwa kusan gaba ɗayansa a shuɗaɗɗen lokaci ake rubuta shi.

Inda harsunan biyu suka raba hanya

A Hausa lokaci ba a jikin aikatau yake ba, yana jikin lamirin da ke gabansa: ya gina, zai gina, yakan gina. Kalmar "gina" tana nan yadda take. Turanci kuwa aikatau ɗin da kansa yake sauyawa, "build" ya koma "built", "go" ya koma "went". Shi ya sa yaro zai rubuta "Yesterday I go to market" hankalinsa kwance, domin a ganinsa kalmar "yesterday" ta riga ta gama aikin. Wannan ba dakiƙanci ba ne, ƙa'idar harshensa yake bi.

Sai matsalar furuci. Kalmar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka ɗafin "-ed" yakan ɓace a baki, "walked" ta fito kamar "walk". Ɗafin ma iri uku ake furta shi: sautin t a "walked", sautin d a "lived", da cikakkiyar gaɓa a "started". Yaron da bai taɓa jin bambancin ba da wuya ya rubuta shi. Akwai kuma "ya zo", wadda ta haɗe abin da Turanci ya raba biyu, "he came" da "he has come". Idan aka ambaci shekara, ta farko kaɗai ke aiki, kuma a nan gine-gine suke da amfani, tunda kowane gini da shekararsa.

Wuri guda Hausa take ba yaro gaba. "An gina shi a 1889" ita ce "It was built in 1889". Sigar da littattafai suke ɗauka mai wuya, wadda ake ɓoye mai aikin a cikinta, Bahaushe yana furta irinta tun safe: an ɗaura aure, an ɗauke wuta, an yi ruwa. Malamin da ya soma daga "an" ya rage wa kansa rabin wahala.

Gine-ginen da aka fi ɗauka

Babbar dalar Giza kabari ce da aka gina wa Fir'auna Khufu wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsayinta na asali ya kai kusan mita 146, kuma ta shafe fiye da shekara 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya fi ta tsawo. A nan dole malami ya tsaya ya bayyana cewa shekarun wancan zamani ƙirgarsu baya-baya take, 2560 ta riga 500.

Taj Mahal yana birnin Agra na Indiya, a bakin kogin Yamuna. Sarki Shah Jahan ne ya sa aka gina shi da farin marmara bayan rasuwar matarsa Mumtaz Mahal a 1631, aka soma aiki a 1632, aka ɗauki kimanin shekara 20. Wannan ya fi sauran saurin kama yara, don labari ne mai farko da ƙarshe: ta rasu, ya yi baƙin ciki, ya tara magina. Aikatau uku ke nan a jere, kowanne a shuɗaɗɗen lokaci.

Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris kamfanin injiniya Gustave Eiffel ne ya ƙera ta daga 1887 zuwa 1889, don bajekolin duniya na cikar shekara 100 da juyin juya halin Faransa. Da tsayin kusan mita 300 ta riƙe kambun gini mafi tsawo har 1930. Ita ce misali mai kyau na bambancin "is" da "was": hasumiyar tana nan, kambun ne ya wuce. Akan kuma ɗauki Babbar Ganuwar Sin, wadda akasarin abin da ake gani a yau aikin daular Ming ne, 1368 zuwa 1644.

Babban masallacin Djenne na Mali ya cancanci a fi kula da shi fiye da yadda ake yi. Ginin ƙasa ne, wanda ke tsaye yanzu an kammala shi a 1907, kuma duk shekara mutanen gari suna fitowa su yi masa yaɓe kafin damina. Yaron ƙauye ya san yaɓe, ya ɗauki kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kansa. Da jimla biyu, "It was rebuilt in 1907" da "People repair it every year", an nuna masa abin da ya wuce da abin da aka saba yi.

Somawa daga gida

Ƙwararrun malamai ba sa tsallakawa Faris kafin su bi ta Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi. Akwai zanen dutse na Birnin Kudu, akwai madatsar ruwa ta Tiga ta zamanin Audu Baƙo, akwai ita kanta Jigawa da aka cire daga Kano a 1991. Dalar gyaɗa kuwa ita ce ƙofar koyar da "used to", domin abu ne da aka yi a da aka daina, kuma kakan yaron zai iya ba shi labari.

Yadda darasin yake gudana

Inda babu littafi isasshe, malami yakan zana ginin a allo da alli, ko ya yago hoto daga tsohuwar kalanda, ko ya miƙa wayarsa ta zaga benci-benci. Ya ja layi a allo, ya jera shekaru, ya raba aji gida biyu: waɗannan su tambaya "When was it built?", waɗancan su amsa. Karanta shekarar ma darasi ne, domin 1889 a Turanci gida biyu ake yanka ta, "eighteen eighty-nine", ba a soma da alif. A tambaya kuma ake kama kuskuren "Did he built it?", inda yaro ya sa alamar lokaci sau biyu.

Haddar "go, went, gone" da murya ɗaya tana zuwa wa yaran da suka saba da karatun allo da sauƙi, amma tana iya yaudarar malami: aji ya rera jerin kaf, a ce mutum ɗaya ya gina jimla ya yi shiru. Darasin gine-gine kansa yana da irin wannan rauni, don ya fi jingina da "was built" da "was finished". Saboda haka akan rufe shi da aikin gida na jimla biyar ko shida a kan masallacin Juma'ar garinsu ko rijiyar unguwa, yaro ya tambayi dattijo wa ya haƙa, a zamanin wane dagaci, ya dawo ya rubuta da "they dug", "they carried", "they paid".