Abuntarwa: wai don me mutum zai ce shi galan ne?

Shekaranjiya ƙanwata ta sa a sitatus ɗinta na WhatsApp wai "ni galan Kufuor ce", kafin la'asar kawunmu na unguwar Aboabo a Kumasi, Ghana, ya bugo waya yana faɗa, wai wa ya zage ta har take maimaitawa a bainar jama'a. Na ce Kawu ba zagi ba ne, abin ma sunansa gare shi, malaman Hausa abuntarwa suke ce masa.

Daga kalmar "abu" ta fito. Wato ka ɗauki mutum ka ɗora masa halin wani abu marar rai. Tana da 'yan uwa a adon harshe, akwai dabbantarwa irin a ce wane zaki ne, akwai mutuntarwa inda abu ke yin halin mutum, kamar a ce gari ya yi fushi. Kuma ba yau aka fara ba, duk wanda ya taɓa jin kirari ya san turmi sha daka, ya san murucin kan dutse ba ka fito ba sai da ka shirya. Bambancin dai, a da maroƙi ke yi maka ka ba shi kuɗi, yanzu kai kake yi wa kanka da babban yatsa, data kawai za ka saya.

To me ya sa galan? Wanda bai zauna Ghana ba ba zai gane ba. Jarkar nan ce ruwan ɗorawa mai cin lita 20 ko 25, asali man girki ake zubowa a ciki, in mai ya ƙare a wanke ta da sabulu ta koma ta ruwa. Zamanin mulkin shugaban Ghana John Kufuor, 2001 zuwa 2009, aka sha wahalar ruwa musamman a Accra, mutane suka riƙa layi da ita a bakin famfo tun asuba, shi ke nan suna ya bi ta. In ta tsufa ma ba a yarwa, ta zama kujerar mai koko, ko a yanke kanta a shuka tumatur, ni na ga wadda aka ɗinke tsagarta da narkakkiyar roba ta ƙara shekara biyu tana aiki. Ƙanwar nan tawa ɗinki ta koya shekara uku, shagon ya rufe, ta yi tallan ƙosai, yanzu tana da 'yar rumfar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kusa da kasuwar Kejetia, to ka ga ba ƙarya ta yi ba, an zuba mata wannan an juye an zuba wancan kuma ba ta fashe ba.

Ni fa shi ya sa galan ta fi turmi burge ni. Turmi dakan sakwara yake sha yau, gobe ma ita, har ya tsage yana nan gindin bango inda aka aje shi, masu ce wa kansu turmi yawanci haƙurinsu kawai suke ba ka labari. Wani abokina bakanike a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuwa cewa yake shi buhun Ghana Must Go ne, wanda 'yan Ghana suka zuba kayansu ciki da aka kore su daga Najeriya a 1983, wai ko zif ya mutu a ɗaure da igiya a ci gaba da tafiya.

Kawu dai da na gama yi masa bayani ya yi shiru, can ya ce to in galan ce ta zo ta ɗebo masa ruwa, famfonsu kwana uku ke nan ko ɗigo.