Daɓen tsakar gida da katangar tare ƙasa a Jihar Kebbi

Daɓen tsakar gida shi ne daidaita filin cikin gida da lulluɓe shi da abu mai tauri don kada ya yi caɓi da damina ko ƙura da rani. Katangar tare ƙasa kuwa gini ne da ake yi a wurin da ƙasa take da gangara, ta riƙe ɓangaren sama kada ya zubo. Ayyukan biyu kan haɗu a gidajen da ke gefen tudu, irin na wasu unguwannin Birnin Kebbi da ke kallon fadama da na ƙasar Zuru mai duwatsu. Wasu magidanta kan yi aikin da kansu, wasu su ba birkila ko ɗan kwangila. Abin da ke raba zaɓin biyu shi ne tsayin katangar da kuma hanyar da ruwan sama zai bi.

Tarihi

Gina katanga da dutse tsohon abu ne a ƙasar Kabi. Birnin Surame, wanda ake danganta kafa shi ga Muhammadu Kanta wajen farkon ƙarni na 16, an kewaye shi da ganuwar duwatsu da jar ƙasa, kuma har yau ana ganin ragowarta a kufan birnin, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. A fadama kuwa manoman shinkafa sun daɗe suna tayar da jinga, wato tudun ƙasa mai tsawo da ke tare ruwa.

Daɓen gargajiya aikin mata ne, kuma da gayya ake yin sa. Akan zuba birji ko ƙananan tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe suna bugu da madaɓi suna waƙa, har ƙasa ta kwanta ta yi sulɓi. Daga nan a shafe ta da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Makuba ke ba daɓen launin ja mai duhu, ta kuma ƙara masa ƙarfi. An fi yin sa idan za a kai amarya ɗaki. Gini da tubali da yaɓe sana'ar maza ce ta gado, ƙarƙashin Sarkin Magina. Siminti ya shigo ne a zamanin Turawa, ya bazu sosai bayan buɗe masana'antar Kalambaina ta Sakkwato a shekarun 1960, ƙaruwar gine-gine bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 kuma ta sa bulo ya mamaye birane.

Yadda ake daɓen siminti

Da farko ana cire ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, kimanin santimita 15 zuwa 20. A zuba birji a hankali, kowane zubi a jiƙa shi a daddale kafin a ƙara wani. Wannan mataki ne masu gaggawa suke tsallakewa, tsallake shi ne kuma ke sa daɓe ya lotsa bayan damina ɗaya. Sai a ja igiya a fitar da gangara: santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa rariya. Daɓen da ya karkato wajen ɗaki yana tara ruwa a gindin bango, danshi ya hau, filasta ta ɓarɓashe.

Haɗin kankare da aka saba shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Buhu mai kilo 50 yana cika kwanon gini biyu, don haka buhu ɗaya na ɗaukar kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Fili mai faɗin murabba'in mita 10, a kaurin santimita 10, zai ci kusan buhu 6. Yashin ya zama mai kaifi, irin na gulbi, marar laka. Yawan ruwa a kwaɓi yana sauƙaƙa wa lebura aiki amma yana raunana kankare. Ana yanka layi a kowace mita 2 da rabi zuwa 3, domin idan tsagewa ta zo ta bi layin. Bayan zubi a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, gara a yi zubin da sassafe ko da la'asar.

Akwai kuma intalok, wato ƙananan bulon siminti masu shiga juna, wanda ake jerawa a kan yashi: mai kaurin milimita 60 don tafiyar ƙafa, mai 80 don mota. Magina sun rabu kan wanda ya fi tsakaninsa da kankare.

Katangar tare ƙasa

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ta kamar katangar gida. Katangar gida nauyin kanta kawai take ɗauka da ɗan bugun iska, wannan kuwa ƙasa ce ke tura ta daga gefe dare da rana. Turin ba ya ƙaruwa daidai da tsayi: idan aka ninka tsayin sau biyu, turin ya ninka sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da ita kuma sau takwas. Shi ya sa bulo mai inci 6 da ya riƙe ƙasar rabin mita ba zai riƙe ta mita biyu ba.

Amma abin da ya fi kayar da irin wannan katanga ruwa ne. Tulin ruwa mai mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa tan guda ne, kuma idan ya taru a bayan katanga bai sami mafita ba, sai turinsa ya haɗu da na ƙasa. Rushewa kan faru da damina, bayan an yi ruwa mai yawa a jere. Maganin shi ne a bar ƙofofin tsiyaya a layin bulo na ƙasa, a sa guntun bututun roba a kowace mita 1 zuwa 1 da rabi, a cike bayan katangar da tsakuwa mai faɗin santimita 30 a maimakon ƙasar da aka haƙo. Baƙar lakar fadama ita ce mafi muni wajen ciko, domin tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe.

Ga katangar da ba ta kai mita ɗaya ba, akan haƙa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare mai faɗin santimita 60 da kaurin 15 zuwa 20. A kafa rodi mai milimita 12 a tsaye tun kankaren yana ɗanye, ƙarshensa a lanƙwashe cikin tushen, a zura bulo mai inci 9 ta kansa, a cike ramukan bulon da kankare. Kusan bulo 10 ke shiga murabba'in mita ɗaya. Kada a yi ciko sai ginin ya jima ya yi ƙarfi. Kankare kan kai cikakken ƙarfinsa ne wajen kwana 28. Inda dutse yake da araha, kamar Zuru, ana iya jera shi da faɗin gindi kusan rabin tsayi, a ɗan jingina shi wajen ƙasar da yake tarewa.

Alamun matsala su ne ciki da katanga ke fitarwa a tsakiya, tsagewa a kwance, da karkacewar kai.

Yi da kai ko ba da aiki

Daɓen fili marar gangara da katangar da ke ƙasa da mita ɗaya suna cikin abin da maigida da yaransa za su iya, da diga da shebur da baro da cokalin gini da abin gwada daidaito. Ribar ita ce kuɗin ƙwadago, asarar kuwa siminti ne idan aka yi kuskure, don kankare ba ya warwaruwa. Da yawa kan bi tsakiya: su yi haƙa da ciko da ban ruwa da kansu, su kira birkila don jera bulo da fitar da gangara.

Idan katangar ta wuce mita ɗaya, ko akwai ɗaki, masai ko hanyar mota a samanta, ko gidan maƙwabci a ƙasanta, aikin na injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, kuma a birane yana iya buƙatar izinin hukumar tsara gari.

Biyan magini iri biyu ne. A na yini, aiki kan ja. A na jinga (kalma ɗaya ce da ta tudun fadama, amma a nan tana nufin ladan da aka yanke wa aikin gaba ɗaya) akan yi sauri, wani lokaci a rage daddalewa da ban ruwa. Idan ɗan kwangila ne zai sayi kaya, inda ake ha'inci shi ne adadin siminti, girman rodi da ingancin bulo. Bulon da ke murmushewa a hannu yashi ya yi masa yawa. Masu hattara kan sayi kayan da kansu, su rubuta zurfin tushe da yawan rodi da ƙofofin tsiyaya a takarda gaban shaidu, su ba da kafin alƙalami kaɗan, su riƙe kason ƙarshe har sai ruwan farko ya sauka an ga inda ya bi.