A bari a cire wa yaro rigar sanyi kafin awo

Duk ranar awo a lokacin hunturu sai mun kai ruwa rana da iyaye mata a ƙaramin asibitin da nake aiki a nan Jos. Uwa za ta shigo da jariri cikin rigar sanyi biyu, ga hula, ga safa, an kuma naɗe shi da tawul. In na ce, "Hajiya, a tuɓe masa," sai ta ce, "Haba malama, a wannan sanyin?" Wallahi ina jin tausayinsu. To amma sikeli bai san yaro ba, bai san riga ba, abin da aka ɗora masa shi zai faɗa.

Kuskuren awo iri biyu ne. Akwai wanda yau ya haura, gobe ya gaza. In an tara yara da yawa, irin wannan yakan kusa cinye kansa, ko da yake yana dusashe alaƙar da masu bincike ke nema, misali tsakanin abinci da girman yaro. Kuskuren riga kuwa gefe guda yake ja kullum. Ko yara dubu aka auna, nauyin zai fito sama da gaskiya, yaron da ke bakin tamowa ya wuce a matsayin lafiyayye, alƙaluman da za a tura wa hukuma su nuna unguwar lafiya lau.

Haka batun shekaru. Ma'aunin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 yana gwada tsawon yaro da watanninsa ne. Ɗan wata 19 in aka ce "shekara biyu", an mayar da shi tsumburarre da baki. Tef ɗin da muke zagaya wa damtse ma, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. A matse shi kaɗan ko a sassauta, hukunci ya sauya.

Su ma masu lissafin sukan ɗauko zance ta inda ba nan ba. In suka jingina ramar yara ga abinci kaɗai, suka bar ruwan sha da gudawa, laifin ruwa sai ya hau kan tuwo, a kai taimako inda ba nan ciwon yake ba.

Don Allah ku riƙa zuwa da katin rigakafi. In ya ɓata, ku tuna mana ko da azumi aka haife shi ko da babbar Sallah, za mu ƙirga. Mukan rufe taga kafin a tuɓe yaro, awon kuma ba ya kai minti biyu.