Demonata: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Jama'a tun da na ce a nemi Demonata, jerin littattafan ban tsoro na Turanci, a karanta wayata ba ta huta ba, tambaya iri ɗaya ake ta maimaitawa, har wanda na ba amsa baki da baki a Agege sai ya koma gida ya sake turo ta. To ga su nan a dunƙule, don Allah a bar ni haka.

Wa ya rubuta, kuma guda nawa ne?

Darren Shan, mutumin Ayilan. Guda 10 ne, na farko Lord Loss ya fito 2005, na ƙarshe Hell's Heroes a 2009. Labari ya kammala, ba jiran ci gaba.

Turancin da wuya?

A'a. Don matasa aka rubuta shi, jimlolin gajeru ne. In ka gama sakandare za ka iya, daina raina kanka.

Wai me ke ciki ne da kake ta zuzutawa?

Wani yaro ne Grubbs Grady ya dawo gida da dare ya tarar shaiɗanu sun yi kaca-kaca da uwarsa da ubansa da yayarsa. Ubangidansu shi ne Lord Loss, hannu takwas gare shi, inda zuciya ya kamata ta zauna rami ne cike da ƙananan macizai, abincinsa baƙin cikin ɗan Adam, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar wasan chess, wato darar Turawa. Zuriyar su Grubbs kuwa suna da wata musiba ta gado, yaro yana tasowa sai ya rikiɗe ya zama dabba, irin tatsuniyar da ake mana ta mutumin da ke zama kura. Iya nan zan tsaya. Abin da ya kama ni shi ne marubucin ba ya tausayin kowa, wanda ka fi ƙauna a labarin ma bai tsira ba.

Za ka turo min PDF?

Ba ni da shi. Kar a sake tambaya.

Ba haramun ba ne karanta labarin aljanu?

Ni ba malami ba ne, ga malamai nan a Idi-Araba da Mile 12 ka je ka tambaya. Abin da zan iya gaya maka shi ne waɗannan ba aljanun da ake wa ruƙiyya ba ne, halittu ne da marubucin ya ƙirƙira daga kansa, suna wata duniya daban sai an buɗe musu taga suke shigowa tamu. Akwai tsafi a ciki sosai, ba zan ɓoye maka ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka bar shi, ba dole.

Na samu na 4 da na 6 kawai a wajen masu gwanjon littattafai, in fara da su ko in jira?

Yawwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ita ce ya danganta, saboda labarin ba a miƙe yake tafiya ba, mutum uku ne suke karɓa-karɓar ba da shi, Grubbs da Kernel Fleck da wata yarinya Bec. Na 4 ɗin da ke hannunka sunansa Bec, ya koma baya kusan shekara 1,600 a Ayilan lokacin da Kiristanci ke shigowa ƙasar, don haka in ka fara da shi ba za ka ɓata ba, labari ne mai tsayuwa da ƙafarsa, wasu ma cewa suke da shi ya kamata a fara tunda shi ne farko a tarihi. Ni dai ban goyi bayan haka ba sosai, don akwai abubuwan da ba za su girgiza ka ba sai ka riga ka san Lord Loss da gidan su Grady, amma in babu yadda za ka yi to bismillah. Na 2 ma, Demon Thief, kusan haka yake, ya faru shekaru kafin na 1, ana iya shigarsa kai tsaye. Amma na 6 kam ajiye shi a ƙasan akwati, don na 5 ya tsaya ne ana tsakiyar tashin hankali, na 6 ya ɗora daga daidai wurin, in ka buɗe shi yanzu ka kashe wa kanka daɗin littafi biyu. Na 7 da na 8 da na 9 kuma lokacinsu ya hau kan juna, kowanne ta idon mutum daban, su ma a bi su a jere. Saye dai ka saya duk wanda ka gani, don a Ojuelegba ko Yaba abin da ka bari yau ba lallai ka same shi gobe ba, kuma ka duba shafukan ƙarshe kafin ka biya, na gwanjo wani lokaci an yage su.

Zan iya ba ƙanina ɗan firamare?

Haba Hajiya, kin karanta abin da na rubuta a sama kuwa? Tun surorin farko jini ne da hanji. Ki fara karanta na 1 da kanki, in kin iya barci lafiya sai mu yi maganar yaro.

Ina jin tsoro da dare, in karanta?

Karanta da rana. Bas ɗin BRT daga Ikorodu zuwa CMS in an samu gosulo ya ishe ka cinye sura da dama, ga mutane kewaye da kai. Bayan na 3 ma za ka saba.

Ara min naka mana?

A'a. Wanda ya ari na 8 tun kafin azumi ya san kansa, ina jiransa.