Kayan lambu da bitamin A a Zamfara da Kebbi

Ganye da kayan lambu ba sa ɗauke da bitamin A kai tsaye. Abin da ke cikinsu sinadarin beta-karotin ne, wanda hanji ke juyawa ya zama bitamin ɗin. Hanta, ƙwai, madara da man shanu kuwa suna bayar da shi a shirye. Waɗanda ƙarancinsa ya fi kamawa su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu da masu shayarwa. Alamarsa ta farko dundumi ce, amma tun kafin ido ya nuna garkuwar jiki ta yi rauni, shi ya sa ƙyanda da gudawa ke yi wa irin waɗannan yara mugun kamu.

Da can ana lissafin maikrogiram (ɗan ƙanƙanen ma'aunin nauyi) 6 na karotin a matsayin maikrogiram 1 na bitamin A. A 2001 hukumar masana ta Amurka ta mayar da shi 12, kuma binciken da aka yi a Indonesiya ya nuna cewa a koren ganye yakan kai wajen 26. Dalili shi ne karotin ɗin ganye a ɗaure yake cikin ƙwayoyin da ciki ba ya iya fasawa duka. Na mangwaro, gwanda, kabewa da dankalin Hausa mai jan ciki ya fi saurin fita. Kimanin giram 125 na dafaffen dankalin nan na iya biyan buƙatar ƙaramin yaro ta yini, alhali farin dankalin da aka saba gani a kasuwa kusan babu komai a cikinsa. Haka ma albasa, duk da yawanta a Aliero.

Yadda aka sarrafa ganyen ya fi yawansa muhimmanci. Karotin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa a kwanon yaro ya wadatar. A nan kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya yi daidai, musamman idan an ɗiga masa mai. Yanka ganye ƙanana, a dafa shi ya yi laushi, ko a daka, yana ƙara abin da jiki ke samu, don haka dafaffen karas ya fi ɗanye amfani. Inda ake asara mai yawa shi ne wajen shanya: kuka, zogale da tafasa da aka baza a rana har suka koɗe sun rasa kaso mai yawa, gara a busar da su a inuwa, a adana a rufaffen mazubi. Manja ya fi duk waɗannan, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba.

Hanta tana ajiye bitamin A na watanni, saboda haka mangwaron bazara da alayyahun noman rani na Bakolori da fadamun Argungu suna iya cike giɓin wani lokaci. Tsutsar ciki da yawan gudawa dai suna rage shigarsa jiki.

Kayan lambu rigakafi ne, ba su isa su warkar da yaron da ƙarancin ya yi wa tsanani ba. Ban da kayan lambu, don ƙarin kariya ana ba 'yan wata 6 zuwa 11 shuɗin ƙwanson bitamin A mai awo 100,000 sau ɗaya, 'yan wata 12 zuwa 59 kuma ja mai 200,000, duk bayan wata 4 zuwa 6. Mai juna biyu ba a ba ta wannan babban ƙwanson, domin yana iya cutar da ɗan tayi.